Kayan Bikin da Goggo ta Bayar Aro

Tun cikina yana wata biyar nake ɗauke da wani tsoro da ban iya faɗa wa kowa ba, har maigidana. Duk lokacin da na ji Goggon mijina ta yi tari a ɗakinta sai gabana ya faɗi, in dafe cikina in ce, ya Allah kada ka haɗa mini haihuwa da rasuwa karo na biyu.

Ga dalili. Ɗana na fari ranar Lahadi na haife shi, ranar Alhamis Allah ya ɗauki ran mahaifin mijina. Ba a yi taron suna ba. Aka raɗa wa yaro suna a masallaci, aka yanka rago, aka raba naman ɗanye, shi ke nan. Ina ɗaki da jariri ina jin mata suna wucewa ta ƙofata zuwa wajen gaisuwa, wata ta leƙo ta ce barka, wata ko leƙowa ba ta yi ba. A nan na fara jin ana cewa wai ina da farar ƙafa, tun da na shigo gidan ba a ga alheri ba. Ba a gabana aka faɗa ba, ta taga maganar ta shigo, kuma na gane muryar. Ni ba ni da uwar da zan kai wa kuka, ta rasu tun ina ƙarama, dangina kuma suna can wani ƙauye a ƙasar Katsina. Sai na haɗiye. Shekara uku maganar nan tana tokare a ƙirjina kamar lomar tuwo da ba ta sami ruwa ba.

To, abin da nake gudu ya faru. Na haihu ranar Talata, na sami 'ya mace. Goggo ta rasu ranar Asabar da hantsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai dai abin bai ƙare yadda na zata ba, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Kuma Goggo ba ta bar ɗa ko 'ya na cikinta ba. In mu da muka ci daga hannunta muka yi shiru, wa zai tuna da ita?

Goggo yayar mahaifin mijina ce. Ita ta riƙe mijina tun yana rarrafe, bayan mahaifiyarsa ta rasu, kuma a gidanta muke zaune a Barnawa, gidan da mijinta ya bar mata tun zamanin da yake aiki a masaƙa. Ranar da aka kai ta, tsakar gidan bai ɗauki mutane ba, har bakin titi aka shimfiɗa tabarmi. Ni jego ya hana ni fita, amma labule ba ya tare magana.

Wata mata daga Unguwar Mu'azu, mai toya waina, ta shigo tana salati, da ta zauna sai ta ce, "Yanzu wa zai dafa mana shinkafa kwano ashirin ba ta caɓe ba?" Wasu suka yi dariya, dariyar kuma ta koma kuka. Mai keken da ya saba ɗaukarta ya tsaya daga zaure yana ce wa maza, "Wallahi tukunyar Goggo ta fi ni sanin lungunan Kaduna. Sau nawa tana sa ni in sauke fasinja don tukunya ta zauna a kujera." Sai Mama Nas, maƙwabciyarmu da katanga ɗaya ta raba mu. Kirista ce, 'yar kudancin jihar nan, ta yi aikin jinya har ta yi ritaya. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙofata, takalmanta ma wari da wari ta sako, tana ta faɗa wa duk wadda ta zauna kusa da ita, "Auren yarana uku ita ta tsaya a kan wuta. Ko Kirsimeti sai ta leƙo ta katanga ta ce, ke Mama, shinkafarki tana kamawa, ina ji daga nan."

Na kasa kunne kwana uku. Ban ji wanda ya yi zancen zannuwanta ko 'yan kunnenta ba. Kowa ya buɗe baki, tukunya ce, wuta ce, albasa ce, da ranar da ta zo masa tun gari bai waye sosai ba.

Ina amarya a gidan ta taɓa tambayata, muna tsince shinkafa, "Ke 'yar nan, kin san mene ne biki?"

Na ce, "Ai aure ne ko suna, Goggo. A yi anko, a ci, a sha, a yi rawa."

Ta ce, "Shagali kika faɗa. Ba ki ji ana cewa biki wan shagali ba? To wa ne kuwa. Ƙane yana iya cewa yau kaina na ciwo, ya yi kwanciyarsa. Wa ba ya kwanciya. Biki shi ne abu ya same ki, mutane su ajiye nasu su zo su kama miki. Kiɗa da gwaggwaro da ɗaukar hoto duk ƙanne ne. In sun zo, maraba. In ba su zo ba, ba a fasa komai."

Haka take amfani da kalmar, ba ta yarda a ɓata ta. In mace ta dawo da yamma ta ci ado ta ce daga biki take, sai Goggo ta ce, "Miƙo hannunki." Ta shinshina. In ba ta ji albasa ko hayaƙi ba sai ta sake shi ta ce, "Kallo kika je." Ita kanta in ta je wani wuri aka zaunar da ita a kujera aka hana ta taɓa komai, in ta dawo ba ta cewa na je biki, sai ta ce, "Na je an ba ni abinci." Sallah kuwa tana kiranta bikin da ba a gayya. Su fati da dina da 'yan mata suke faɗa yanzu, in ta ji sai ta taɓe baki ta ce sunaye dai sun yi yawa, hannuwa sun yi kaɗan.

Tana da wata 'yar wuƙa mai ƙotar itace da wasawa ta cinye har ta zama siririya. A tsumma take naɗe ta, ta jefa a jaka tare da carbi. Ko gidan wa ake abu a unguwar nan, Musulmi ko Kirista, Bahaushe ko mutumin Filato ko na Binuwai, da an yi sallar asuba za ka ga Goggo ta fita da jakar nan. Kayan aikinta kuma ɗaki guda suka cika a bayan gida: babbar tukunyar dalma da mutum ɗaya ba ya iya ɗagawa, da ƙannenta uku, da tanda, da turmi, da tirarruka, da bahuna, da wata doguwar muciya da ta zo da ita tun aurenta. Amma tana da doka. Kayanta ba sa fita sai da ita, kuma ba sa kwana a waje. Takan ce, "Tukunyata ba bazawara ba ce."

Ba zan ce ba ta da laifi ba, don ba za ta so in yi mata ƙarya ba. Bakinta akwai kaifi. Sai ta ɗanɗana miyar mutum a gaban jama'a ta ce, "Wannan gishirin gudunmawa aka ba ki?" Ni kaina ta sa ni kuka sau biyu a kan tuwo mai gudaji. Kuma in ta yi fushi tana daɗewa ba ta sauko ba.

Faɗanta mafi tsawo da matar Baffa ta yi. Baffa shi ne ƙanin Goggo da ya rage, Alhaji ne, yana zaune a Unguwar Sanusi, matarsa kuma Hajiya muke ce mata. Da za su aurar da 'yarsu, Goggo ta yi sammako da tukunya a keke, ta isa ta tarar da tsakar gida fes, babu murhu babu itace. Hajiya ta ce, "Yaya, ai mun ba masu girkin haya. Ke dai ki huta, da yamma ki zo hol ɗin da za a yi taron." Goggo ta juyo gida da tukunyarta. Da yamma ta daure ta yi wanka ta tafi. A bakin ƙofa mai gadi ya ce, "Mama, ina katinki?" Katin da aka aiko mata kuwa tuni ta kwashe tokar turaren wuta da shi.

Ta ce, "Kati? Ni na goyi uban amarya."

Ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, oda aka ba ni."

Ta tari keke ta dawo gida. Washegari Hajiya ta zo ba da haƙuri tana cewa, "Haba Yaya, ai da kin buga waya." Goggo ta ce, "Biki da kati, sai ka ce asibiti? Ku kun yi shagalinku, Allah ya ba da zaman lafiya. Amma kada ki ce kin yi wa yarinyar nan biki." Daga ranar, tsakaninsu sai ina kwana da lafiya lau. Ni kuwa ban ji tausayin Hajiya ba, don muryar da ta shigo mini ta taga tata ce.

Ban san Goggo ma ta ji maganar ba sai ana kwana goma da haihuwata ta fari. Ta shigo da bahon ruwan zafi da ganyen darbejiya, idanunta duk sun kumbura da kukan ƙaninta. Ta gasa mini jiki, ta dama mini kunun kanwa, ta zauna har na shanye. Sannan ta ce, "Na bar ki ke kaɗai, 'yar nan. Baƙin ciki ya rufe mini ido. Ni da nake zuwa na kowa, na gidana ya wuce ban hura wuta ba."

Na ce, "Ba komai, Goggo."

Ta ce, "Da komai. Jariri ba shi yake kiran mutuwa ba, kuma masu magana na ji su." Ba ta yi mini alkawarin komai ba, ba ta kuma sake tayar da zancen ba.

Da cikina na biyu ya shiga wata bakwai, ƙafafun Goggo suka kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya. A asibiti aka ce zuciya ce. Ta daina fita. A nan ne ta fara wani abu da ya tayar mini da hankali. Sai ta aika a kira mata mace ɗaya, su shiga ɗaki, ni kuma ta ce in je in ɗora mata ruwan shayi. Kafin in dawo an gama magana, sai dai in ga matar tana fita da wani abu daga ɗakin kaya. Mama Nas aka fara ba babbar tukunya, ita da surukarta suka mirgina ta da ƙyar. Bayan kwana biyu mai waina ta Unguwar Mu'azu ta tafi da tanda. Matar liman ta tafi da turmi. Tirarruka, bahuna, ƙananan tukwane, kowanne da wadda ta ɗauka. Matar da kayanta ba sa kwana a waje! A ƙarshe ta aika aka kira Hajiya. Sun daɗe a ɗaki. Da Hajiya ta fito idonta ja, tana riƙe da doguwar muciya, ko kallona ba ta yi ba.

Na leƙa ɗakin kaya na gan shi wayam, sai shatin gindin tukwane a siminti. Na tsaya ina lissafi da zuciyata, kuma lissafin mai tsoro ba ya fita daidai. Na ce shi ke nan, Goggo ta san tafiya za ta yi, ta kuma san ba za a yi mini taro ba. Wata zuciyar ma ta ce, ko ita ma ta yarda da zancen ƙafar nan ne, shi ya sa take fitar da kayanta kafin su faɗo hannuna? Ga shi har Hajiya ta samu, ni ko ludayi. Na faɗa wa maigidana kayan Goggo suna ƙarewa, ya ce, "Tsufa ne, ki bar ta da abinta."

Rannan na yi ƙarfin hali, ina matsa mata ƙafa, na ce, "Goggo, in na sauka da me za a yi girki?"

Ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Ke dai ki sauka lafiya. Mai ciki ba ta tambayar tukunya."

Na ɗauke shi a matsayin kora. Wata biyu ina yi mata hidima da hannu, zuciyata kuwa tana ƙullace da ita. Wannan shi ne abin da ya fi damuna yau, don ban nemi gafararta ba, ban ma san akwai abin nema ba.

Ranar Talata naƙuda ta tashi, Mama Nas ta raka ni asibiti, kafin la'asar mun dawo da jaririya. Washegari aka kai wa Goggo ita a gado. 'Yan barka sun cika ɗakin, har da Hajiya. Goggo ta yi mata addu'a ta tofa, sannan ta zaro 'yar ƙafar daga cikin zane, ta juya tafin sama, ta ɗaga murya iyakar ƙarfin da ya rage mata ta ce, "Kun gani, fari ne. To kowacce ta cire takalmi ta duba nata." Ita kaɗai ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Ranar Asabar Goggo ta cika. Da na ji salati ya tashi a tsakar gida, Allah ya gafarta mini, kafin in yi kukan rashinta sai da na yi kukan kaina. Na dubi yarinyar nan tana barci na ce, ke ma za ki girma a ce ranar da kika zo aka yi rashi.

Litinin aka yi addu'ar uku. Da aka shafa, Baffa ya zo bakin ƙofata, maigidana yana bayansa. Ya ce, "'Yata, ya jiki? To gobe in Allah ya kai mu za a raɗa suna a masallaci, a yanka rago. Taron mata kuwa babu. Gidan makoki ne, ba ma son a ce mun binne Yaya mun ɗora tukunya." Maigidana ya sunkuyar da kai. Na ce, "To, Baffa." Me zan ce? Kafin magariba baƙi sun naɗe tabarmi sun watse. Ban yi kitso ba, ban sa lalle ba, zanen da na ɗinka don suna ko fito da shi ban yi ba.

Talata da safe maza suka dawo daga masallaci, maigidana ya shigo ya ce an mayar da sunan Goggo. Na ce Allah ya raya. Ya fita wajen fiɗar rago, Baffa da liman da wasu dattawa suna zaune a benci a ƙofar gida. Tagar ɗakina tana kallon ƙofar. Ina zaune ina ba da nono sai na ji ƙarar ƙarfe yana gurzar ƙasa. Na ɗaga labule. Mama Nas ce da surukarta, sun jawo babbar tukunya, Mama ta ci ɗamara da tsohon zane.

Baffa ya ce, "Madam, lafiya?"

Ta ce, "Lafiya lau, Alhaji. Kayan Goggo na dawo da shi."

"Ai da kin bari an natsu tukuna. Ba sauri."

"A'a, ba haka muka yi da ita ba. Ta ce aro ne. Ta ce in dawo da shi ranar sunan abin da yarinyar nan za ta haifa, da safe, ni da ƙafata, ko tana nan ko ba ta nan. Yau ne suna ko ba yau ba?"

Baffa bai kai ga amsawa ba keke ya tsaya. Mai waina ta sauko da tanda a ka da bokiti a hannu. Ta gaishe su ta ce, "Aron Goggo na kawo. Ta ce ranar suna, da safe." Ga matar liman ana turo mata turmi a baro. Ga masu tirarruka, ga masu bahuna. Kowacce ta zata ita kaɗai aka yi wa wannan sharaɗi, sai a ƙofar gidan suka tsaya suna kallon juna. Wata ta ce, "Ke ma?" Wata ta ce, "Ni har rantsar da ni ta yi."

Baffa ya gyara hula ya ce, "To madalla, Allah ya ba da lada. Ku ajiye a zaure ku koma."

Mai waina ta ce, "Haba Alhaji. A ina ka taɓa ganin an mayar da tanda a bushe? Ko kwanon tuwo maƙwabciya ta aiko maka, ai ba ka mayar da shi ba komai. Ga ƙulluna nan ya kwana ya tashi, so kake in zubar?"

Mama Nas ta ce, "Mu ma a wajenmu haka ne. Shinkafa tana cikin tukunyar, na riga na tsince."

Na ga ran Baffa ya fara ɓaci. Ya juya wajen liman yana neman mai taya shi. Liman ya yi gyaran murya ya ce, "Alhaji, makoki kwana uku ne, jiya ya cika. Wannan kuma amana ce suka kawo yadda mai ita ta ce. Ban ga hanyar da za mu hana ba. Ga matata ma a cikinsu, ban san da zancen ba."

Ana haka wani keken ya tsaya. Hajiya ce. Babu gwaggwaro, babu sarƙa, ɗankwalin aiki ta ɗaura, ga muciya naɗe a zane ta fi ta tsawo.

Baffa ya miƙe tsaye. "Hajiya, har da ke?"

Ta ce, "Alhaji, Yaya ce. Ta riƙe hannuna ta ce in ban zo na tuƙa tuwon sunan nan da kaina ba, ba ta yafe mini katin nan ba, duniya da lahira. Kai za ka ɗaukar mini?"

Wani dattijo ya fashe da dariya, sauran suka kama. Baffa ya tsaya yana kallon tukwanen yayarsa jere a ƙofar gida. Sai ya ja hannun babbar riga ya share fuska ya ce, "Yaya ke nan. Tana kwance ma sai ta juya mu." Ya matsa gefe. "Ku shiga. Amma ban da kiɗa."

Mama Nas ta ce, "Wa ya yi maka zancen kiɗa, Alhaji? Biki muka zo."

Ni dai sai na saki labule. Abin nan da ya tokare mini ƙirji shekara uku, ji na yi ya wuce kamar an kora shi da ruwa. Sai a lokacin na yi wa Goggo kuka na gaskiya.

Kafin hantsi hayaƙi ya tashi a murhu huɗu. Mata suka cika ɗakina, wata ta kama kaina da kitso, wata ta kwaɓa lalle, wata ta buɗe akwati ta fito da zanen sunan ta ce, "Tashi ki ɗaura, mai jego ba ta zama kamar marainiya." Babu anko, babu mai kiɗa, babu mai ɗaukar hoto. Ana yankan albasa ana hawaye, ba a san na albasa da na Goggo ba. Shinkafar ta ɗan caɓe, aka yi ta tsokanar Mama Nas ana cewa ta gode Allah mai tukunyar ba ta nan. Masu wucewa suka ci, mai keke ya ci, almajirar unguwa da ma'aikatan shagon ɗinki na kan kwana duk aka kai musu.

Da azahar Hajiya ta shigo, gumi ya jiƙe mata riga, tafin hannunta ya yi ja saboda muciya. Da kanta ta kawo mini kunu. Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban jira ba. Ta karɓi jaririyar, ta zaro ƙafarta ta daɗe tana kallo, sannan ta ce yadda kowa zai ji, "Ƙafar Yaya sak. Wannan ma ba za ta zauna a gida ba in ana abu." Mata suka ce Allah ya sa. Tun daga ranar ban sake jin waccan maganar ba, ko ta ƙofa ko ta taga.

Da la'asar aka wanke komai, aka mayar ɗakin kaya, kowace tukunya a kan shatinta. Baffa da kansa ya ce ba za a raba su ba, a bar su a gidan su zama sadaka ga Yaya, duk mai buƙata ya ara. Mama Nas ce ta fita ƙarshe. Ta kwance bakin zanenta ta ajiye mini wani abu naɗe a tsumma a kan gado. Ta ce, "Wannan ba aro ba ne. Ta ce naki ne, amma kada in ba ki sai an gama wanke-wanke. Ta ce in kin yi arba'in ki fara fita." 'Yar wuƙar ce.

Na yi arba'in, na kuma fita. Auren 'yar wani malamin makaranta ne mutumin Nasarawa, a layin bayanmu. Na isa tun ba a hura wuta ba, da goyo a bayana, ina jin kunya kamar in juya. Uwar amarya ta ga tsumman a hannuna, ba ta tambaye ni komai ba, ta turo mini buhun albasa. Har yanzu ni mai tsoro ce, yarinyar nan in ta yi atishawa sau biyu sai na kira Mama Nas ta katanga. Amma tsoron nan guda ɗaya Goggo ta tafi da shi.

Ga roƙona ga duk wanda ya karanta. Ku yi wa Goggo addu'a, Allah ya jiƙanta, ya yafe mata kaifin bakinta, ya sanyaya makwancinta kamar yadda ta sanyaya mini rai, ni ma ya yafe mini zaton da na yi mata. Sannan in aka ce maƙwabciyarki tana da suna ko aure, kada ki jira kati, kada ki jira yamma. Ki je da safe da wuƙarki. In kuma tukunya ce babu, tana nan Barnawa, ki zo ki ara. Sai dai ki dawo da ita da ƙafarki.